Hancin da Ya Zaga Duniya

"Ni ɗin nan da kuke gani," in ji Tarsem Lal mai faci, "a ɗaure mini ido, a miƙo mini wiski ko daga wace uwa duniya ta fito, shaƙa ɗaya zan yi in faɗa muku ƙasarta, da shekarunta, da itacen gangar da ta kwanta a ciki. In kun matsa mini ma sai in gaya muku ko wanda ya haɗa ta ya yi faɗa da matarsa a ranar."

A teburin mai shayi na Layin Masu Taya ya yi wannan jawabi, a garin Jalandhar na ƙasar Indiya, da safiyar sanyi, maza sun kewaye kaskon gawayi kowa na ɗumama hannu. Shi dai Tarsem iyakar tafiyarsa a duniya Amritsar ce, ita ma ɗin rakiyar ango aka je, ya yi amai sau biyu a bas. Amma hancinsa, in ta bakinsa za a bi, ya kwana Sikotlan, ya yini Japan, ya biya ta Amurka ya sha iska. Iliminsa duk daga bayan kwalaben da mai sayen shara ke tarawa ya haddace shi, sai ɗan abin da ya tsinta a waya.

Gulshan mai kemis ya kurɓi shayinsa a hankali.

"Paji, babban yaya, wannan hanci naka, ƙamshin ƙasar waje kaɗai yake ji, ko yana taɓa na gida?"

"Komai yake ji. Ƙuda ya wuce ta nan sai in san a gidan wa ya karya."

"Madalla. To gezar mayafin wuyanka ce ke ci da wuta tun ɗazu. Mu duk mun ji ƙauri, muna jira ne gwani ya fara magana."

Tarsem ya yi tsalle, ya fizge mayafin yana tattakawa, shayin mutum uku ya tafi ƙasa. Da ƙura ta lafa ya ce ai ya ji, yana so ne ya gwada su.

Kyaftin Bakshi, tsohon soja, wanda kowa a layin ke miƙewa in ya zo, bai yi dariya ba. Shi abin da ke gabansa bikin ɗansa ne, saura mako uku. Mahaifiyarsa Biji ta riga ta kafa dokar da take kafawa a kowane biki: kwalba ba za ta shiga rumfa ba. Saboda haka, yadda aka saba, za a ajiye mota a bayan rumfa, a cika but da kwalabe, maza su riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya wai za su duba taya. Wanda kuwa ke riƙe da makullin but, a ranar ko ango bai kai shi daraja ba. Shi ake wa murmushi, shi ake kira da sunan girma, shi yake auna wa kowa gwargwadon yadda ya ga dama.

Biki shida a jere Gulshan ke riƙe makullin. Biki shida Tarsem na tsayawa a layi kamar mai karɓar magani, Gulshan ya auna masa da yatsu biyu a manne, ga manyan baƙi kuwa ya ware yatsun har sai sun yi ƙara. Wannan abu ya daɗe yana cin Tarsem a rai.

"Surukina Sodhi zai iso daga Toronto ta Kanada ranar Juma'a," in ji Kyaftin. "Ya ce zai zo da kwalaben da sai wanda ya san darajarsu zai taɓa. Tarsem, ranar Lahadi da la'asar a tsakar gidana. Kwalba huɗu, ƙasa huɗu: Sikotlan, Japan, Amurka da 'yar gida, ido a ɗaure. Ka ci duka, makulli naka ne."

"Ni da hannuna zan rataya masa a wuya," in ji Gulshan. "Har da furanni."

"Ka fara sayen furannin," in ji Tarsem, ya tafi yana warin ƙonannen ulu.

Sai da ya isa gida ya rufe ƙofa fankamar ta ƙare. Gaskiyar da bai taɓa gaya wa kowa ba ita ce, shekara talatin yana shaƙar gam ɗin faci da hayaƙin taya, hancin nan ko kananzir da ruwan wardi ba ya rabewa. Ya zauna a kicin ya rafka tagumi, idonsa a kan kantar kwanuka. Can sai ya washe baki.

Duk wani kofin ƙarfe a unguwar da suna a jikinsa. Ranar da aka saya ake sa mai shago ya zana da allurarsa mai ƙugi, don in an yi aro a biki ko a makoki kowa ya gane nasa. Tarsem ya sauko da guda huɗu ya jera. Na farko sunan surukinsa ne, dogo har ya kusa zagaye kofin: wannan Sikotlan. Na biyu rubutu layi biyu: Japan. Na uku da ɗan fure a ƙarshen sunan: Amurka. Na huɗu sunansa ne shi kansa, gajere: 'yar gida, ta kantin soja. Abin da ya rage kawai a sami mai zubawa, shi kuma ya shafa da babban yatsa.

Mai zubawa bai yi wuyar samu ba. Lekhraj tela bai taɓa kai giya bakinsa ba, shi ya sa duk wata gardamar mashaya shi ake sawa alƙali.

"Paji, ni fa ban iya ƙarya ba," in ji Lekhraj, allura a baki. "Kunnuwana ja suke yi."

"Wa ya ce ka yi magana? Zubawa za ka yi. Dogon suna, doguwar kwalba. Babur ɗinka kuma daga yau har ka mutu facinsa a wuyana."

"Har da na ƙanen matata?"

"Har da na ƙanen matarka, mai baƙin ciniki."

Matsala ta biyu yatsan ne. Babban yatsan Tarsem ya yi kanta kamar ƙofaton jaki, ko ƙusa ya taɓa ba ya ji, balle rubutu. Ya goge shi da dutsen goge kaushi. Ya jiƙa shi a ruwan ɗumi. Daga ƙarshe ya tsoma shi cikin kwanon man madarar da matarsa Darshana ta yi kwana biyar tana tarawa. A haka ta same shi.

"Baban Rinku, me nake gani?"

"Shiri nake."

"Da yatsa a cikin man da zan soya? Wiskin da yatsa ake shanta yanzu?"

"Jijiyar hanci daga yatsa ta taso. Ba ki yi karatun ba ne."

"Kai da ka yi, ga shi ya kai ka faci."

Don mutanen layi su san da gaske yake, ya daina cin yaji, ya daina albasa, ya daina tafarnuwa. Darshana ta riƙa dafa masa farar shinkafa da nono kamar mai jinya, ita kuma ta zauna gabansa tana tauna acar, wato mangwaron da aka jiƙa da yaji da mai, da ƙarfi. In zai fita sai ya naɗe hancinsa da tsumma, ya ɗaga yatsa sama a cikin safar jariri. Kafin kwana biyu labari ya zaga cewa Tarsem ya kamu da abin da ba a faɗa. Masu babur suka koma shagon gaba. Wata maƙwabciya ta aiko da kunun marasa lafiya, ta ce a ajiye kwanon kada a dawo da shi.

Ranar Alhamis ya ɗaure idonsa a kicin yana gwaji. Ya laluba ya ce Japan, daidai. Ya laluba ya ce Amurka, daidai. Daɗi ya kama shi, ya juya zai taka rawa, gwiwar hannunsa ta tafi da tulun acar na shekara guda. Yana ƙoƙarin tare tulun ya cafki kofin da Darshana ta cika da tafasasshen shayi. Ihun da ya yi sai da karnukan layi suka amsa.

Yatsa ya tashi ya yi bororo. Dole ya je kemis.

"A'a, gwani!" in ji Gulshan yana juya yatsan. "Mutane na jinyar hanci, kai kana jinyar yatsa. Me ya haɗa ka da wuta kuma? Kai da wuta dai akwai zumunci."

"Ba ni man shafawa, ban zo hira ba."

Sauran kwana biyun da yatsan hagu ya yi su. Sai da ya sake koyon duniya daga farko, domin a hagu Japan juyewa take ta koma kamar Amurka.

Lahadi da la'asar tsakar gidan Kyaftin ya cika. Maza a kujerun roba, mata a kan gadon igiya kusa da ƙofar kicin, ana ta fito da pakora mai zafi, irin ƙosan can. Biji na kan kujerarta da sandarta, shekara tamanin da huɗu, ido kamar na shaho. Sodhi na Toronto ya hakimce a tsakiya, ya rungume wata kwalba a cinya kamar jariri. Shekararta ashirin da ɗaya, kuma tun da ya sauka daga jirgi ba wanda bai gaya wa ba.

Tarsem ya shigo cikin kwat ɗin aurensa, wadda maɓallanta suka daɗe da yanke zumunci da juna. Ya ajiye kofunansa huɗu a kan tebur.

"Kyaftin Sahab, ban yarda da kofin gilashi ba. Kada gobe wani mai kemis ya ce na leƙa na ga launi. Na ƙarfe za a sa. Kuma a kulle ni a ɗakin hatsi har a gama zubawa. Ni ba na son nasara mai ƙura."

Jama'a suka yi ta jinjina. Aka kai shi ɗakin hatsi, aka datse. Ya zauna a kan buhun alkama yana hura wa yatsansa iska. Ba a jima ba ya ji hayaniya ta tashi a waje, muryoyi sama-sama, har da ƙarar faɗuwar kujera. Ya gyaɗa kai. Ai dole. Caca ake a kansa, mutane na rububin wanda zai tsaya kusa da gwani.

Ba caca ake ba. Lekhraj ya zuba uku lafiya, kunnuwansa jajur, ya ɗauki mai furen ke nan sai Saroj, matar Gulshan, ta taso daga kan gado.

"Tsaya, tela. Juyo mini kofin nan."

Ta karanta. Ta dafe ƙirji.

"Sunan uwata! Kofin kayan aurena! Shekara shida ina nemansa, har na kori mai wanke-wanke a kansa. Darshana Bhabi, matar yaya, ashe a gidanki ya yi aure?"

"Wa ya san naki ne? Ranar makokin surukina aka kawo shi."

"Makokin ya ƙare ai, ko har yanzu ana yi?"

"To ina farantaina guda biyu da kika ara da bikin Diwali? Ƙafa suka yi?"

Saroj ta ja kofi, Darshana ta ja, Lekhraj na tsakiya yana roƙo da girman Ubangiji. Tebur ya karkata. Sikotlan ta malale cikin Japan, su biyun suka gangara kan takalmin Sodhi. Saroj ta cusa kofinta a hammata ta ce ko 'yan sanda ba za su karɓa ba.

Biji ta buga sanda a ƙasa sau ɗaya.

"Pakora na hucewa saboda shirmen tsofaffin banza. Kai," ta nuna ɗanta Kyaftin kamar yaron da ya fasa tulu, "ture telan nan, hannunsa rawa yake. Zuba da kanka, kowace a kofin da ya zo hannunka. Uku sun isa. A gama a ba ni wuri."

Kyaftin ya zuba, ya rubuta sunan kowace da alli a gaban kofinta. Aka ɗaure wa Tarsem ido da mayafin Biji tun daga ɗakin hatsi, aka jawo shi kamar ango. Sharaɗi shi ne ba mai cewa uffan sai ya gama duka.

Lekhraj ya yi tari. Ya sake yin tari. Ya yi na uku har da buga ƙafa.

"A ba telan nan ruwa ko a fitar da shi," in ji Tarsem. "Yana firgita mini hanci."

Aka sa masa kofin farko a hannu. Yatsan hagu ya yi tafiya, ya yi tafiya, suna bai ƙare ba. Tarsem ya kai hanci, ya ja numfashi, ya yi baya kamar an hura masa turare.

"Ahhh. Sikotlan. Kun ji hayaƙi? Ina za ku ji. Wannan a bakin teku ta girma, iska na dukan gangar dare da rana. Akwai zuma, akwai busasshen inabi, can ƙasa kuma akwai ɗan ruwan sama na ranar Talata." Ya kurɓa, ya kurkure baki. "Sodhi Sahab, ka iya zaɓe. Irin wannan ba a ba wa masu kemis."

A gaban kofin, da alli, an rubuta: kantin soja. Kyaftin ya dubi sama. Wani ya cusa pakora a baki don kada dariya ta kuɓuce masa. Tarsem ya ji shirun ya ce a ransa, tsoro ya kama su.

Kofi na biyu. Yatsa ya taɓa, suna gajere, nasa. Ya ɗan shinshina daga nesa ya yamutsa fuska. Ya kurɓa, ya juya, ya fesar a ƙasa.

"Tir! Wa ya kawo wannan cikin mutane? 'Yar gida ce, ta jiya-jiya, ko gangar ba ta gani ba, a jarka aka yi renonta. Da irinta nake wanke gam a hannu. Kyaftin Sahab, in ka ba surukai wannan sai su koma da 'yarsu. Ku zuba wa tarakta, ita ma a yi mata addu'a."

Sodhi ya dubi kwalbarsa mai shekara ashirin da ɗaya, ya dubi jiƙaƙƙen wurin da ke ƙasa. Ya yunƙura zai tashi, Kyaftin ya danne masa gwiwa.

Shi kuwa Gulshan tun kofin farko ba hancin yake kallo ba. Ya ga yadda yatsa ke riga hanci zuwa aiki. Ya ɗaga wa jama'a hannu alamar a yi shiru, ya ɗauki kofi na uku, ya ɗaga wa Sodhi, ya shanye tas. Ya ɗauraye da ruwan buta, ya goge da hankici ciki da waje, sannan ya ɗora shi a tafin Tarsem da hannu biyu, cikin ladabi.

"Paji, ga na ƙarshe. A yi mana a hankali, mu jahilai mu ƙaru."

Yatsa ya sauka. Layi ɗaya. Layi biyu. Tarsem ya ji makulli har ya fara yi masa nauyi a wuya. Ya kai hanci bakin kofin ya daɗe.

"Japan," ya ce a hankali, kamar mai faɗin sunan masoyiya. "Wannan ko sha ba sai na yi ba, ita ta zo ta same ni. Ku ji laushi. Furen itatuwa, ruwan ƙanƙarar dutse, ɗan ɓawon lemo. Mutanen nan ko ganga za su buɗe sai sun rusuna mata. Wiski ce mai kunya, ba ta ɗaga murya."

"Ƙwarai ba ta ɗaga murya," in ji Gulshan. "Nauyinta fa?"

"Cikakkiya ce. Tana cika baki."

"Shekarunta?"

"Sha biyu. Da wata huɗu."

"Kai, Paji, ka cika gwani. To ɗan kurɓa mana, mu ga yadda take sauka."

Tarsem ya ɗaga kofin ga jama'a, ya kai baki, ya karkata. Ya ƙara karkatawa. Ya ɗaga kai har mayafin ya zame, gindin kofin na kallon sama, maƙogwaronsa na motsi a banza. Ya girgiza kofin. Ya zura harshe ya laluba.

Biji ce ta fara. Wata irin dariya ta tsofaffi mai kama da tari, har sanda ta faɗi. Daga nan gidan ya rushe. Kyaftin na dukan tebur, Saroj ta riƙe ciki da hannu ɗaya, ɗayan na danne da kofinta, Sodhi ma da ke cikin makoki sai da ya cire tabarau ya share ido.

Tarsem ya janye mayafin. Ya ga busasshen kofi. Ya ga rubutun alli. Ya ga fuskar Sodhi da kwalbar da ke cinyarsa.

"Ai... ita ta Japan haka take," ya ce. "In aka bar ta a buɗe tashi take yi. Tsabar kyau ne."

"Ta tashi ta shiga cikina," in ji Gulshan. "Kuma ta Amurka ce, ta ce a gaishe ka."

"Ni dai Paji ne ya ce dogon suna doguwar kwalba!" Lekhraj ya fashe, ba wanda ya tambaye shi. "Na ce masa kunnuwana ja suke yi!"

"Man madarata na kwana biyar," in ji Darshana, ta ɗora hannu a ka. "Da tulun acar. A kan kofin da ba komai a ciki."

Kyaftin ya zaro makullin daga aljihu ya cilla wa Gulshan, ko kallon Tarsem bai yi ba. Tarsem ya fara ja da baya yana neman ƙofa, sai sandar Biji ta tare masa hanya.

"Ina za ka, ɗana? Ai ba a bar mai baiwa ya tafi haka ba. Kofi ɗari shida za mu aro a layin nan, kuma duk biki sai an yi wata guda ana faɗa a kan na wane ya shiga gidan wane. Ga shi Ubangiji ya kawo mana mai gane kofi ido a rufe." Ta juya ga ɗanta. "Rubuta shi. Bayan rumfa, wajen masu wanke-wanke. In an ɗauraye a miƙa masa, ya shafa, ya kai wa masu shi gida-gida."

"Biji, daga wajen wanke-wanke ai ana hango motar," in ji Gulshan yana kaɗa makulli a yatsa.

"To ya hanga mana," in ji Biji. "Ai shi daga nesa ma yana jin ƙamshi."